Keken da Ya Fi Mai Shi Shan Iskar Mota

Asabar ɗin da ta wuce, tun ba a sallame sallar asuba ba wayar mai wannan shafi ta fara kuka. "Mun tashi." "Ku jira ni a gidan mai." "Wa ke da famfo?" Kafin hantsi hotuna sun cika zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan makaranta, zauren da aka buɗe domin sanar da ɗaurin aure da rasuwa. Dattawa ne masu furfura da tumbi, sun sha hular kwano da riga mai kama jiki, sun jeru a kan wata hanyar burji can bayan Ushafa, kowa ya ɗaga kekensa sama da hannu ɗaya. Wai sun shiga daji.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne yadda keken ya isa wurin. A mota ya je. Tun daren Juma'a direba ya wanke shi, ya goge, ya cire tayar gaba, ya kwantar da shi a kujerar baya a kan bargo. Kujerar nan ce fa wadda surukar Alhaji ba ta taɓa samu ba sai da aka ce ta matsa. An ɗaura masa bel. An kunna masa na'urar sanyi. Idan aka zo kan tudun rage gudu, Alhaji kan waiwaya ya ce, "Malam Direba, a hankali mana, ka san abin da ka ɗauko kuwa?" Wanda motarsa ke da abin ratayawa a baya ya fi kowa shan wahala, domin rabin tafiyar idonsa na kan madubi, yana duba ko ƙura ta taɓa keken da za a kai cikin ƙura. Daga Gwarinpa zuwa bakin daji keken na hutawa, a dawowa ma yana hutawa, ranar Lahadi a sake wanke shi a kai shi falo ya jingina kusa da talabijin. Idan aka yi lissafi tsakani da Allah, keken nan ya fi mai gadin gidan sanin titunan Abuja ta cikin gilashi.

Sa'annan a cikin dajin ma ba su rabu da motar ba. Tana biye da su a giya ɗaya, ɗauke da kula cike da ƙanƙara, da ayaba, da kujerun roba. Duk wanda numfashinsa ya fara sarƙewa sai ya ce sarƙar kekensa ce ke ƙara, a ɗora keken, shi ma ya shiga ya raka shi.

Daga Amurka aka kwaso wannan yayi, amma rabi aka kwaso. A garin Emporia na jihar Kansas, a 2006, mutum 34 suka fara tseren mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa, wato sama da kilomita 320 a tashi ɗaya. Shi ne yau ake kira Unbound Gravel, kuma dubbai ke halarta. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar zakarun duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. Ko a nan Afirka, tun 2021 ake yin Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya, kwana huɗu ana fama da duwatsu. Waɗancan mutane tuƙa keken suke yi. Namu sun ɗauko rigar, da tabarau, da manhajar Strava mai ƙirga nisan tafiya, suka bar tuƙin a can. Akwai ma wanda ya mance bai kashe manhajar ba da ya shiga mota, sai ga shi ta shaida masa gudun da babu ɗan Adam da ya taɓa yi da ƙafa biyu, 'yan zaure kuwa suna ta turo masa "Ma sha Allah, Ranka ya daɗe."

A can bayan Ushafa kuwa, ana cikin ɗaukar hoto wani dattijo ya wuce su Alhaji a kan tsohon Phoenix, da buhun masara a kariya, da jarka biyu a gefe, da jikansa a gaba, sanye da silifas. Bai san yana motsa jiki ba. Bai san hanyar da yake bi tun yana saurayi ta zama abin yayi ba. Kekensa na da ƙararrawa, da kariya, da madogara, da marfin da ke tare laka. Na su Alhaji, mai kuɗin fili, ba shi da ko ɗaya daga ciki: duk abin da aka cire, kuɗin ƙaruwa yake. Shi ya sa idan sun tsaya sai su yi ta neman bishiyar da za su jingina shi, idan kuma sun iske mata ɗauke da itace a siririyar hanya babu abin kaɗawa, sai ihu da Turanci.

Mai facin ƙauyen ma ya ga ta kansa. An kawo masa taya, ya buɗe yana neman tif, babu tif, sai wani farin ruwa kamar nono ya zubo masa a hannu. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ciwon da na iya ba ne." Duk da haka ya yi dabararsa ya toshe. Da ya faɗi kuɗinsa, sai aka tsaya ciniki da shi. Ciniki! Mutumin da kwalbar ruwan kekensa ta fi cinikin mai facin na mako guda.

A nan ne raha ke ƙarewa ga mai wannan shafi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, masinja da malamin firamare da leburan gini da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, ba don tumbi ba, don kuɗin mota ya gagara. Ranar Litinin, wa ke danna musu oda har su faɗa kwata? Jarumin Asabar ne, ya cire hular kwano ya sa zanna, yana zagin "waɗannan masu keken" da suka tare masa hanya. A wurinsa keke ado ne idan na miliyoyi ne, alamar tsiya ne idan yana da kariya.

Ba yau aka fara ba. A 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawa keke, har ya riƙa zuwa ofis a kan nasa. Wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Ƙasa ta yi dariya ta ƙoshi, aka rufe maganar. Minista ke nan, da 'yan rakiya da 'yan jarida. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke, mu ma mukan fito da manyan jami'ai su zagaya shatale-tale ɗaya, jiniya gaba, jiniya baya, a ɗauki hoto, a mayar da kekunan sito sai baɗi. Gefen titin da mai keke zai bi hankali kwance kuwa har yanzu na masu fakin ne da masu gasa masara.

Kuma a daina kiran gonar mutane daji. Dazuzzukan gaske suna nan, Kamuku a Birnin Gwari, Rugu a Katsina, kuma kowa ya san masu ƙafa biyun da ke yawo a cikinsu ba feda suke takawa ba. Manomin da ke gefensu ba ya iya zuwa gonarsa, balle a yi zancen shan iska.

Babu mai hana su Alhaji motsa jiki, likita ma ya ce su yi. Amma don Allah a sayi ƙararrawa, a yi wa mutanen ƙauye sallama, a biya mai faci abin da ya ce, hotunan kuma a buɗe musu zaurensu daban.