Wannan Ƙarfen Ɗan Gidan Waye?

A Amurka da Turai akwai manyan mutane, masu gemu da iyali da bashin banki, da ke haɗuwa da daddare su kewaye tebur, su baje takardu da fensir, su yi ta jefa ɗan ludo mai fuska 20 suna yaƙar dodannin da babu su ko'ina sai cikin kawunansu. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR ya buga shi a 1974. Mutum ɗaya ke jan ragama, shi ke cewa ga kogo, ga ƙofa, ga dodo. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. Ba na ganin laifinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Kafin a fara, al'ada ce kowa ya rubuto tarihin jaruminsa: inda aka haife shi, da wanda ya kashe ubansa. Kuma kusan kullum an kashe uban. Da wuya ka ga jarumin da mahaifiyarsa ke raye lafiya lau tana jiran ya dawo gida. To, wannan da sauƙi, tun da dai mutum ne, dole wata ce ta haife shi. Inda abin ya fi ƙarfina shi ne tarihin da ake rubuta wa mutum-mutumi.

Wannan mutum-mutumi golam ake ce masa, kuma asalinsa tatsuniyar Yahudawa ce. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Prag, wanda aka ce malaminsu Judah Loew, da ya rasu a 1609, ya kwaɓa da yumɓun bakin kogin Vltava don ya tsare unguwarsu. A wani ƙaulin an aike shi ɗebo ruwa aka manta ba a ce ya isa ba, ya yi ta jido har gida ya zama tafki. Masu wasan suka ari wannan suka yi iri-iri: na yumɓu, na dutse, na ƙarfe, da na gaɓoɓin gawa da aka ɗinke. Littattafansu sun fayyace cewa ba ya jin yunwa, ba ya jin zafi, ba shi da buri. Tarihinsa duka layi ɗaya ne: wani matsafi ya ƙera shi, ya ce tsaya nan ka tsare ƙofa. Ya tsaya.

Amma ina! Ga yadda abin ke kasancewa. Jagoran wasa ya gyara murya ya ce, "Kun iso bakin kurkuku. Ga ƙaton mutum-mutumin dutse ya tare hanya." Shirinsa a farfasa shi cikin minti biyar a wuce. Sai wata ta ajiye fensir.

"Ya sunansa?"

"Ba shi da suna. Dutse ne."

"Tun yaushe yake tsaye a nan?"

"Oho. A ce shekara 300."

"Shi kaɗai? Wayyo, bawan Allah!"

Shi ke nan, dare ya lalace. Wanda ya zare takobi ya mayar da ita kube yana jin kunya. Jagora kuma, da gumi a goshi, dole ya ƙago labari nan take: ai matsafin ɗansa ne ya mutu, shi ne ya sassaƙa dutsen da kamanninsa. Kafin a tashi an raɗa wa dutse suna, an rataya masa gyale, an tafi da shi. Babban dodon da jagora ya ɓata mako yana shiryawa yana can ƙuryar kogo yana hamma.

A 2004 aka ƙara wa wutar fetur. Wizards of the Coast, kamfanin da ya sayi TSR a 1997, ya fitar da duniyar Eberron ta Keith Baker, kuma a cikinta akwai Warforged, sojojin itace da dutse da ƙarfe da gidan Cannith ya ƙera yana sayarwa ga ƙasashen da suka yi kusan shekara 100 suna yaƙi. Da aka yi sulhu sai aka 'yanta su, aka rufe maƙerun. Ga soja ba yaƙi, ba uwa ba uba, ba ya ci, ba ya barci, kuma an yarda ɗan wasa ya ɗauke shi a matsayin jaruminsa. Gaskiya tunanin ya yi kyau, don tambayar me sojan zai yi da kansa bayan yaƙi ta isa a kwana ana wasa da ita.

Sai dai ɗan wasa bai tsaya nan ba, sai ya nemo masa asali. Wani akawu da ya yini yana tara lissafin wasu zai zauna ya rubuta shafi 12. Ƙarfen ƙirjin, in ji shi, ba gama-garin ƙarfe ba ne, takobin wani sarki ne da aka tuɓe aka narka. Itacen ƙafar daga ƙofar fada aka ɓalle shi. Ashe yarima ne, jinin sarauta, alhali ko ɗigon jini babu a jikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin maroƙi ya tare sabon mai kuɗi a wurin biki ya san wannan sana'a: a liƙi na farko ɗan malamai ne, a na uku kakansa ya yi sarauta, in kuɗin sun ci gaba da zuba sai an kai shi Gabas. Bambancin kawai, a teburin wasa mutum shi ne maroƙin, shi ne mai liƙin. Kuma ka tambayi akawun nan sunan kakan kakansa, ko sunan maƙwabcin da suke haɗuwa a matakala kullum, ka ga ana sosa ƙeya.

Akwai kuma matsalar lissafi. Tarihi ya ce ya karkashe dubbai a fagen fama, ga shi kuma wasa a mataki na ɗaya ake farawa, inda gafiya ma abin tsoro ce. Maganin da kowa ke kawowa ɗaya ne: ya manta komai. Wani abu ya bugi kansa. Wane kan? Oho.

Ni dai ina ɗora rabin laifin a kan Critical Role, shirin da ƙwararrun 'yan wasan murya ke yi a intanet tun 2015, wanda Matthew Mercer ya fara jan ragamarsa. A zagayensu na uku Sam Riegel ya ɗauki wani ɗan mutum-mutumi mai tausayi da ɓoyayyen tarihi, masu kallo suka sha kuka. Tun daga nan kowane tebur akwai mai jiran ranar da zai faɗi sirrin ƙarfensa da rawar murya kowa ya share hawaye. Ya manta waɗancan sana'arsu ke nan, nasa abokan kuwa hankalinsu na kan fizar da aka yi oda.

Shafi 12 ɗin nan fa ba mai karantawa. Akawu ya tura wa abokai a waya, kowa ya ɗaga masa babban yatsa. Jagora ya ce, "Na duba, ya yi kyau ƙwarai," ma'ana ya ga kan labarin.

Ranar farko, ɗaki na biyu, ga rami. Aka ce ya jefa ludo ya tsallake. Ludo ya gangara, ya yi juyi, ya tsaya a kan 1. Yarima ya rufta, wasu 'yan ƙananan dodanni uku suka taru suka kwance shi kamar tsohon keke. Akawu ya yi jugum, ya naɗe takardunsa, ya tafi ko sallama babu.

Mako na zagayowa sai ga shi da fara'a. Ashe marigayin yana da ƙane, a maƙera ɗaya aka zubo su, uƙuba ta raba su tun suna da zafi, kuma ya rantse sai ya ɗau fansa. Shafi 19.