Fakis Ya Ƙi Tafiya

Wani ɗan kasuwar Dei-Dei ya shigo shagon buga takardu a Jiwa da takardar odar kaya. Kamfanin da zai aika wa a Jamus yake, su kuwa fakis suka sani, ba ruwansu da WhatsApp. Layin NITEL ya daɗe da zama tarihi, sai yaron shago ya jona na'urar fakis da wayar kwamfuta mai bi ta intanet.

Nan fa ake yin ta. Fakis ba ya magana, fito yake yi, kuma kowane ɗigon fiton nan rubutu ne. Ita kuwa wayar intanet murya ta sani: ta daddatsa ta, ta matse da tsarin G.729 don tsimin data, in guntu ya faɗi a hanya ta ce ba komai, kunnen mutum zai cike giɓin. Fakis kuwa kamar surukar da aka gaisar a tsaye, nan take zai katse zance.

Magani akwai. A koma tsarin G.711 da ba ya matsewa, ko a kunna T.38 da aka fitar tun 1998 don wannan ciwon, in mai ba da layin ya yarda, sannan a rage gudun fakis zuwa 9600.

"Alhaji, yanzu zai tafi in sha Allahu."

"Yaro, haka ka ce kafin azahar."

Shafin farko ya wuce lafiya. Ana tsakiyar na biyu aka ɗauke wuta. Washegari Jamusawa suka yi ƙorafin rabin oda suka gani, kuma ta imel suka aiko ƙorafin.