Masu Neman Kalkulas a Cikin Waya

Tun da Allah Ya kawo zamanin da ɗalibi zai zauna a ƙofar shagon caji a Tambuwal yana ɗaukar karatu daga bakin malamin da ke Amurka, sai muka yi zaton an huta da kukan kalkulas, fannin nan na hisabi da Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara a ƙarni na 17, wanda yake jiran duk ɗan garin nan da ya tafi karatun kimiyya Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun a shekararsa ta farko. Ashe masu neman agajin jinsi-jinsi ne, kuma babu jinsin da bai tuɓe takalmi a zaurena ba.

Mafi soyuwa gare ni shi ne Mai Taska. Wannan bawan Allah yakan raya dare kamar mai tahajjudi, saboda a lokacin ne data take araha, yana sauke darussan Khan Academy da na YouTube babi bayan babi, tun daga iyaka, zuwa dy/dx, har zuwa tara gutsattsari, yana kasa su jaka-jaka, kowace da sunanta, da tsarin da ko mai tsaron ɗakin karatu zai yi masa hassada. Idan wayar ta cika ya sayo memori, idan ya ji labarin wani Ba'indiye mai zaƙin bayani ya kwaso shi kacokan, ya kuma raba wa abokansa fisabilillahi. Sai dai har yau ba a samu adali guda da zai shaida ya ga ya kalli ɗaya zuwa ƙarshe ba. Ka tambaye shi ma'anar iyaka, ya dafa aljihu cikin natsuwa ya ce, "Kawu, ai ina da ita." Misalinsa misalin wanda ya sayi Muhtasar ya yi matashin kai da shi, yana jiran fiƙihu ya ratso ta ƙeya. Ranar jarrabawa aka karɓi wayoyi a bakin ƙofa, ilmin nan kaf ya wuni a cikin kwando.

Mai Hoto ba ya wahalar da kowa: ya haska wa Photomath tambaya, ya kwafe abin da ya fito, har da layin da ke cewa a biya kuɗi a ga sauran bayani. Mai Taƙalidi kuwa ya yi wa ChatGPT mubaya'a tun fitowarsa a 2022, kuma idan ya ba shi amsa biyu masu karo da juna, sai ya ce ƙauli biyu ne a mazhaba. Akwai Mai Uzuri daga wajen Kebbe, wanda kullum sabis ne ya hana shi aikin gida. Uzurinsa sau da yawa gaskiya ne, amma abin al'ajabi, sabis ɗin ba ya gaza kawo masa sakamakon ƙwallon Ingila. Sai Mai Gaggawa, da ke turo hoto a karkace ta WhatsApp bayan sallar asuba ranar miƙa aiki, babban yatsansa ya rufe rabin tambayar.

Kada a manta da tsohon malamin da ke la'antar waya a majalisa, yana tunatar da yara cewa Muhammadu al-Kashinawi ya wallafa littafinsa na hatimai a Alƙahira a 1732 ba tare da lantarki ba, alhali in dare ya yi shi ma yakan leƙa Wolfram Alpha ya gwada amsarsa kafin ya shiga aji. Na san wani irinsa sani na haƙiƙa, domin rawaninmu ɗaya.

Duk waɗannan ina yi musu dariya da addu'a. Wanda ba na yi wa ko ɗaya shi ne Dillali, mai kiran kansa injiniya, wanda yake karɓar kuɗi a hannun yaron da ubansa ya sayar da buhun gero a Kuchi ko Jabo don ya yi karatu, ya zuba tambayar a manhajar da take kyauta ga kowa, ya miƙa masa amsa ba tare da bayanin ko harafi ba, kuma ya ɓoye masa sunan manhajar don gobe ma ya dawo. Ya ci kuɗin, ya ci karatun. Iyaye, wannan ɓarawo ne mai waya, ku daina bari kuɗin geronku yana shiga hannunsa.