Ku Ƙyale Mai Cakulan da Firjinsa

Na san halinku sarai. Ina buɗe baki na ce akwai ƙasashen da magidanta masu gemu da iyali ke ɓatawa da juna a kan ko ya dace a ajiye cakulan a firji, wani a cikinku zai taɓe baki ya ce, “To fa, Malam ya fara shaci-faɗin nasa.” Musamman ku Zage-zagi, da ko cewa aka yi rana ta fito sai kun leƙa waje kun tabbatar. To ku gyara zama. Musun gaske ne, ya kuma yi tsamari har sai da reshen kamfanin Cadbury na Ostareliya ya raba gardama a Twitter a shekarar 2020, ya ce mazaunin cakulan shi ne kabad mai duhu, marar laima, wanda zafinsa bai kai digiri 21 ba a ma'aunin Salshiyas.

Digiri 21! Jama'a, a kabad ɗin wa? Ku nuna mini kabad ɗaya a Fagge, ko Tudun Wadan Zariya, ko Damagaram, da ke sauka digiri 21 da tsakar rana a watan Afrilu, ni kuwa in naɗe katifata in tare a cikinsa.

Sirrin rigimar yana cikin man da ake tatsa daga 'ya'yan koko. Wannan mai yana narkewa da ya kai wajen digiri 34, jikin ɗan Adam kuwa 37 ne. Shi ya sa cakulan ke tsayawa ƙyam a takardarsa, amma yana hawa harshe ya saki jiki. A Landan wannan hikima ce. A garin da bazara ke haura digiri 40 kuwa jarrabawa ce. Kowa ya san abin da ke faruwa in Alhaji ya dawo daga Umara da tsarabar cakulan a ƙasan akwati. An tara yara a tsakar gida, an ɓare kwali mai ruwan zinare, sai a tarar duk sun haɗe sun zama curi guda. Hajiya ta ɗauko cokali tana rabo, ƙaramin cikinsu ya koma bayan ƙofa yana lasar takarda, hanci da kunne duk sun samu rabonsu. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba sai an yi masa wa'azin firji ba.

Sai dai kada masu firji su fara tafi tukuna, don abokan gabarsu ma suna da hujja. Sanyi na danne ƙamshi da ɗanɗano, ka gatsa ka ji kamar kana gaigayar sabulu. In kuma ka fito da shi kai tsaye cikin zafi, raɓa ta kwanta masa, ta narkar da sukarin da ke sama, ta bushe ta bar farin gari. Nan ne mutanenmu ke cewa ya yi fumfuna, su wurga wa awaki, alhali lafiyarsa ƙalau, kyan gani kawai ya rasa. Babbar matsalar ma ita ce mai yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. Yanzu don Allah, Hajiya, buɗe mana firjinki mu gani. Ga ƙullin daddawa, ga rabin albasa tun na shekaranjiya, ga kifi banda, ga robar askirim da yaro ke buɗewa da murna ya tarar da miyar kuka. A cikin wannan majalisa za a kwantar da baƙo daga Suwizalan? Gobe da safe da Hausa zai tashi.

Na ji wani daga baya yana cewa, “Ai Turawa ne, sun ƙoshi ba su da abin yi.” Ranka ya daɗe, ba ka ji komai ba tukuna. Ba'amurke in ya ga kiret ɗin ƙwai a kan teburin mai shayi, yana shan rana kusa da kwalin Indomie tun hantsi, sai ya dafe ƙirji. A wurinsa ƙwan da ya kwana a waje ya tashi daga abinci. Mutumin Ingila kuwa zai wuce ko kallo bai ishe shi ba, don a kantunansu ma a kan kanta ake jera ƙwai. Duk su biyun suna da gaskiya. Kaza na saka ƙwai da wani siririn rufi a bayansa mai toshe ƙananan ƙofofin ɓawo. A Amurka wanke ƙwai ake yi da inji kafin ya je kasuwa, wankin ya tafi da rufin, don haka doka ta ce a riƙe shi cikin sanyi. A Ingila da Tarayyar Turai kuwa an hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, sai ya zauna da rigarsa. Ka ga mai shayinmu da bai taɓa leƙa dokar Turai ba, ashe a kanta yake.

Shi wannan Ba'amurken, ko ƙanƙara na zuba a waje, in ka zauna a gidan abincinsa sai an dire maka kofi cike da ƙanƙara, ruwan ɗan kaɗan ne. Abin ya samo asali. Wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙarar tafkuna yana lodawa a jirgin ruwa a 1806, ya kai tsibirin Martinik, mutanen garinsu suna yi masa dariya irin wadda kuke yi mini yanzu. A 1833 ya rufe ta da garin katako ya aika har Kalkata ta Indiya, tafiyar wajen wata huɗu, kuma fiye da rabinta ya isa bai narke ba. Da arzikinsa ya mutu. Mutumin Sin kuma akasin haka ne, ko zafi na tsaga ƙasa ruwan zafi zai sha, da 'yar gorarsa a hannu, jiragen ƙasarsu ma akwai famfon tafasasshen ruwa a cikin tarago. Ka haɗa su teburi ɗaya, kowa zai koma gida yana tausayin ɗan'uwansa.

Wanda na san ba za ku yarda da shi ba ko na dafa littafi shi ne wannan. A Finlan da Norwe da Suwidin da Denmak, uwa na shirya jaririnta tsaf cikin kayan sanyi, ta kwantar da shi a kekensa, ta tura shi waje ya yi barcin rana cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, ita kuma ta shiga ciki ta sha gahawarta tana hango shi ta taga. Sun ce ya fi barci mai nauyi a haka. Kun ce ƙarya? A 1997 wata 'yar Denmak ta yi hakan a ƙofar wani gidan abinci a birnin New York, 'yan sanda suka kama ta. A Amurka ana mamakin uwar, a Denmak ana mamakin 'yan sandan.

Na ga kuna ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. A yi dai a hankali, laifi tudu ne. A kawo wannan 'yar Denmak ɗin gidan suna a Kano cikin watan Afrilu, a miƙo mata jariri da hular ulu da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da tawul, an ƙara da bargo, fanka a kashe don kada iska ta shige shi. Ita ma da za ta samu lambar 'yan sanda da ta kira. A fita da ita bakin titi ƙarfe biyu na rana, kwalta na tururi, ta ga ƙato ya zauna a benci ya ce a haɗa masa mai kauri, mai shayi ya ɗaga kofi sama da kansa yana tsiyayowa cikin wani kofin, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan kam ina iya kare mu, abin sha mai zafi na tsatso gumi, a busasshiyar iska irin tamu gumin ya bushe ya sanyaya jiki. Amma wa zai kare Alhajin da ya shekara uku da sayen mota bai cire ledar kujeru ba, yana zaune yana zamewa, bayan rigarsa sharkaf? Wa zai kare rimot ɗin da aka naɗe da leda da salatif har lambobin sun daina ganuwa? Ko jeren kwanukan ɗakin amarya, samira kan samira har rufi, waɗanda ba su taɓa ganin tuwo ba kuma ba za su gani ba?

Ba kuma kowace al'ada ce ke da uzuri ba, kada ku ce na zo wanke kowa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa na kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawa. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ya fi cakulan ɗin Bature cancantar a yi musu a kansa. Gwaggo, ki yi haƙuri, a rage wa ruwan nan zafi.

Akwai kuma mai cewa, “Duk surutun nan na masu wuta ne, mu firjinmu ya zama kabad tun bara.” Gaskiyarka, har na ga wanda ke ajiye takardun fili a ciki. Amma ba a rasa dabara ba. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na bushewa yana janye zafi, kayan miya su yi kwanaki ba su yi yaushi ba. Da wannan ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000, lokacin da wasunku ke raina randar kakarsu. Abin takaici ma, wajen rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, ga namu na Ondo, amma an kai shi ƙasar sanyi an sarrafa shi yadda ba zai iya zama a garin haihuwarsa ba sai da injin sanyaya.

Ga hukuncina, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Mazaunin Landan ya bar cakulan ɗinsa a kabad. Mazaunin Kano da Sakkwato da Maraɗi ya sa nasa a firji ba tare da jin kunyar kowa ba, amma ya ƙulle shi a leda, ya jefa a roba mai murfi, nesa da daddawa. In ya fito da shi ya bar shi a rufe ya ɗan huce kafin ya buɗe, don raɓar ta kwanta a kan robar. Wanda kuma har yanzu yake ganin zuƙi ta malle nake yi, ya sayi guda ɗaya ranar Juma'a, ya sa a aljihun gaba na farar shaddarsa, ya tafi masallaci a ƙasa, ya zauna a sahun waje.