Wasiƙa Zuwa ga Hatimin Roba na Ofisoshin Minna

Ya kai Hatimi,

Ina rubuto maka ne daga nan Minna, garin da kake aiki tun buɗe ofis har a tashi, ba mai tambayar lafiyarka. Kana kan teburin akawu a sakatariya, kana cikin aljihun teburin shugaban makaranta, kana gaban mai karɓar kuɗi a banki, kana jakar ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwa a Kasuwar Kure, kana hannun shugaban direbobi a tasha. Takarda komai kyan rubutunta, komai girman wanda ya sa mata hannu, in ba ka sauka a kanta ba sai a mayar wa mai ita a ce, "Malam, ai ba hatimi, koma a buga maka." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da nake ganin fuskarka a ciki, domin yana damuna ƙwarai.

Tawadar bara ta bushe a jikinka, ta bana ta hau kanta. Ƙurar hunturu ta shiga tsakanin haruffanka, ta haɗu da burbushin takarda, suka daskare. Cikin harafin "o" da "a" da "e" ya cike, lambar shida da takwas sun zama abu guda. In aka buga ka, sai a ga dunƙulen shuɗi ko shunayya mai zagaye, sunan ofishin ba ya karantuwa, balle kwanan wata. Akawu ya ga haka, ya ƙara danna ka a soson tawada, ya ƙara ƙarfin hannu, ya buga na biyu a kan na farko, abin ya ƙara dagulewa.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce. Mai faɗin haka bai taɓa tahowa daga nesa da takarda a aljihu ba. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Neja a 1976 aka yi Minna babban birninta, garin nan ya zama matattarar takardu. Jihar tana da ƙananan hukumomi 25, kuma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 76,000, duk Najeriya ba jihar da ta kai ta girman ƙasa. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, ga hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO tun 1999, ga kotuna da ma'aikatu. Saboda haka mutum kan taso daga Rijau, ko Mokwa, ko can Borgu, ya kwana a hanya, ya zo neman sa hannu da bugunka. Tsohon malamin firamare mai bin haƙƙinsa na fansho, yarinya mai ɗauke da takardar shaidar 'yar asalin ƙaramar hukuma za ta kai makaranta, magada masu takardar fili. In wanda za su kai wa takardar ya duba ya ce bai gane abin da ke jikin hatimin ba, kuɗin motar nan da wunin nan a kansu za su ƙare, alhali su ba su taɓa riƙe ka ba, ba su ne suka bar ka da datti ba.

Kai kuwa ɗan babban gida ne. Ya tabbata a hadisi cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa, an shaida masa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa aka zana sunansa a jiki. Zoben nan ya bi hannun Sayyidina Abubakar da Umar da Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina a zamanin Usman, aka yi ta nema ba a samu ba. Wasiƙun sarakunan Borno da na Daular Sakkwato su ma da hatimi suke tafiya, kuma wanda aka damƙa wa ajiyarsa a fada amintacce ne. Jikinka na roba dai baƙo ne, bai samu ba sai bayan da Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa ɗanyen roba da farar wuta a 1844, har ya zama ba ya narkewa da zafi, ba ya sandarewa da sanyi. Amma aikin da kake yi tsohon aiki ne, shi ne ka tsaya shaida cewa wannan magana daga wurin wane ta fito.

Bari in ba ka labarin wasu 'yan uwanka da suka yi dacen masu riƙo. A kudu maso yammacin Ingila akwai wani daji mai tuddai da fadama da hazo, ana kiransa Dartmoor. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, domin duk wanda ya jure ya isa wurin ya saka katin sunansa a ciki. Daga baya masu zuwa suka riƙa barin wasiƙa da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. A 1938 aka kafa akwatin wasiƙa irin wannan a Duck's Pool domin tunawa da marubuci William Crossing. Sannu a hankali abin ya zama wasa mai ƙa'ida. Mutum zai sami ɗan akwatin da ruwa ba ya shiga, ya saka ƙaramin littafi da hatimin roba, sau da yawa wanda ya sassaƙa da hannunsa, ya ɓoye a ƙarƙashin dutse ko kogon itace, sannan ya rubuta kwatance mai kama da kacici-kacici. Mai nema yana tafe da nasa hatimin da nasa littafin da tawadarsa. In ya dace, allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya mayar da komai inda ya tarar. A 1998 mujallar Smithsonian ta rubuta labarin wasan, daga nan ya bazu a Amurka.

Abin da ya kama zuciyata a al'amarin mutanen nan shi ne yadda suke ɗaukar tsaftar hatimi da gaske. Hatimin da ke cikin akwatin ba na mai nema ba ne, kuma wanda zai zo bayansa bai san shi ba, wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba. Duk da haka ladabin wasan shi ne kada ka mayar da shi jiƙe da tawadarka. In ka shafa masa baƙi ka bar shi, mai zuwa da ja ko rawaya zai ɓata sosonsa, hoton ma ya fito masa da dauɗa. In ka rufe shi da danshi, littafin ya yi fumfuna. Don haka suke yawo da guntun takarda da ƙyalle mai laima, su yi ta danna hatimin a takardar har ya daina fitar da launi, su goge, su bari ya sha iska. Har muhawara suke yi a tsakaninsu, wasu na cewa yawan wanki ma yana cinye roba mai taushi, rinin da ya kama jiki ba ya cutarwa, abin gudu shi ne busasshiyar tawada da ƙasa a cikin ramukan zane. Ina ganin masu wannan ra'ayi sun fi gaskiya. To, waɗannan mutane ba fansho ba ne a kan hatiminsu, ba gurbin karatu, ba gonar gado. Nishaɗi ne kawai, amma sun ba shi haƙƙinsa. Mu da abincin mutane ke rataye a wuyanka mun fi su cancantar wannan kula.

Kuma kular ba ta da tsada. Ruwa mai ɗumi kaɗan a murfin kwano, ɗigon sabulun wanke-wanke mai sauƙi, da tsohon buroshin haƙori wanda bakinsa ya yi laushi. A jiƙa fuskarka kaɗai, a bar tawadar ta jiƙu na ɗan lokaci, a bi ramukan haruffa da buroshi a hankali, a ɗauraye da ƙyalle mai tsabta, a danna ka a tsohuwar jarida har ta daina ɗaukar launi, sannan a ajiye ka a inuwa ka bushe. Kada a tsoma ka gaba ɗaya cikin ruwa, domin mariƙinka na katako zai kumbura, gam ɗin da ya haɗa ku ya saki, ka wayi gari fuska a karkace.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne irin maganin da ake yi maka in an tashi tausaya maka. Sai a aiki masinja ya samo kananzir ko fetur, tunda kowa ya san suna cire fenti. Suna cire tawadar kam, amma roba yana shan su, ya kumbura, ya yi laushi, gefen haruffa ya zube. Sifirit kuma, in an yawaita, busar da kai yake yi har ka tsattsage. Wani ya ɗauki allura ko tsinin reza yana ƙwaƙule cikin haruffa, ya yanke ƙafar harafi bai sani ba. In soson tawada ya bushe, maimakon a sayo tawadar da aka yi dominsa, sai a zuba masa ruwa, ko a ɗura masa tawada mai mai wadda aka yi don injin buga lamba na ƙarfe, ita kuwa cin roba take yi. Sannan ga rana. Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Minna ya san zafin da ake yi kafin saukar damina. Hatimin da aka bari a bakin taga ko a gaban gilashin mota a wannan lokaci, musamman irin na zamani mai fuska garai-garai da ake fitarwa daga kwamfuta, ba zai daɗe ba zai taurare ko ya yi danƙo. In hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, soson da aka bari a buɗe wuni guda ya isa ya kwashi ƙurar da za ta koma fuskarka. Rufe murfi kawai ya rage rabin wahalar. Irinka mai ɗauke da tawadarsa a ciki, su Trodat da Shiny, shi ma ana zare ɗan soson a sauya, amma sau nawa ake yi?

Akwai wata magana da ta fi wahalar matafiya nauyi, ita ce ta jabu. Hatimi mai tsabta yana da kamanninsa da babu mai irinsu: kaurin layin zagaye, tazarar haruffa, wata 'yar tsaga a gefe da ta samu tun ranar sassaƙa. Da waɗannan ne masu binciken takardu ke rarrabe na gaske da na ƙarya. In ofis ya saba fitar da bugu dusu-dusu, ya saba wa jama'a da karɓar abin da ba ya karantuwa, to ya share wa mai jabu hanya. Ba ya bukatar ƙwarewa, ya samo zagaye mai kama, ya cika tawada, ya murza hannu kaɗan lokacin bugawa. Wanda aka kai wa takardar ba shi da abin da zai kwatanta, sai dai ya karɓi duka ko ya ƙi duka, kuma in ya ƙi duka mai gaskiya ne ke kwana a ciki.

Ina kuma tuna masu yin ka. Kafin shagunan kwamfuta su cika titin Bosso da kewayen Mobil, aikin na masu reza ne, mutum ya sunkuya a kan guntun roba yana yanka haruffa a juye, daga dama zuwa hagu, yana hango yadda za su fito a miƙe in an buga. Kuskure ɗaya ya ɓata aikin wuni. Irin hannun nan ne 'yan wasan Dartmoor ke alfahari da shi a yau, su ɗauki hoton bugun juna suna yabawa, mu kuwa namu gwanayen suna ƙarewa ba a ko san sunansu ba. Nagari a cikinsu, na da da na yanzu, ba ya sassaƙa hatimin hukuma ko na makaranta sai an nuna masa takardar izini. Ina girmama wannan hali, ina kuma roƙon matasan da suka gaji sana'ar a kan kwamfuta su riƙe shi, ko da mai kawo aikin zai ninka kuɗi.

Saboda haka ga abin da nake nema a madadinka wurin shugabannin ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyi na garin nan. A san mutum ɗaya da kake hannunsa, mai kulle ka in an tashi. Ranar Juma'a kafin a watse zuwa masallaci, a ba ka minti biyar na ruwa da buroshi. Duk safiya, kafin ka taɓa takardar kowa, a gwada ka a farar takarda, mai bugun ya karanta da idonsa sunan ofis da kwanan wata, ya tabbata an juya lambar ranar. In ya kasa karantawa, kada ya sa wa bawan Allah a takarda. Kuma a buga ka a fili, gefen sa hannu, kada a danne lamba ko sunan mai takarda.

Ranar da ka tsufa, haruffa suka shafe, ko shekarun da ke jikin bel ɗin kwanan watanka suka ƙare, ko aka sauya wa ma'aikatar suna, kada a jefa ka kwandon shara da fuskarka lafiya, inda duk wanda ya tsinta zai iya magana da sunan hukuma. A buga ka bugun ƙarshe a littafin ofis, a rubuta ranar da ka daina aiki, a sa reza a tsaga fuskar gida biyu a gaban shaida, sannan a buga sabon a ƙarƙashin naka domin mai bincike na gaba ya san inda ɗaya ya tsaya da inda ɗaya ya fara.

Wassalam.

Naka mai ƙaunarka,
Wani mazaunin Tunga, Minna