Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Babbar Riga Ce Ke Hanawa

Tun muna yara ake gaya mana gemu ba ya hana ilimi, ban kuwa taɓa musun maganar ba sai da abinci ya kawo ni unguwar Bronx ta birnin Niyok. A nan na gane masu karin maganar sun yi gaskiya, amma ba su ƙarasa ba. Shi gemu bawan Allah ne, yana nan a haɓa bai tare wa kowa hanya ba. Mai laifin ita ce babbar riga, musamman aska takwas da ta sha bugu, sai kuma laƙabin Alhaji da mutum ke ɗaukowa tun daga gida ya haye teku da shi, ba a ko auna masa shi a sikelin filin jirgi.

Mu a majalisarmu ta bayan masallaci kowa da irin Turancin da ya sauka da shi. Mutanen zangon Kumasi da Nima suna da nasu, ga gudu ga daɗin ji, sai dai in an yi nisa ka ji harshen Tuwi ya leƙo ciki. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram Faransanci suka sha a lakwal, in ɗayansu ya buɗe baki "wi" kan riga "yes" fitowa. Yawancinsu ƙuri'ar biza ce ta kawo su, wadda Amurka ta shafe shekaru tana raba gurabe har 55,000 a shekara ba tare da ta tambayi kowa ko yana jin Turanci ba. Sai mu 'yan Nijeriya, waɗanda muka zo da yaƙinin cewa Sarauniyar Ingila wasiyyar harshen ta bar mana. Ni da digirina na shiga wani kanti a makon farko na ce a ba ni "wata", kamar yadda malaminmu na firamare ya koya mana sunan ruwa da bulala a hannu. Yarinyar ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce in ƙara. Ashe mutanen nan sun narkar da harafin tsakiyar, wani abu mai kama da "wara" suke cewa. A karo na huɗu na nuna lemon da ya fi kusa da ni, na biya, na fito da ƙishina da digirina.

Amma ba kaina na zo tona wa asiri ba, akwai wanda ya fi ni cancanta. Wani Alhaji ne da zan sakaya sunansa, don gobe ma a sahu ɗaya za mu yi sallah. A gida ɗan kasuwa ne na ji da faɗa, yana da yara a shago, in ya yi tari wani ya miƙo ruwa. Da aka ce masa ya shiga ajin koyon Turanci, sai ya gyara zaman hula ya ce shi ai rabin Turanci tuni yana cikinsa. Bokiti, tebur, direba, makaniki, asibiti, sukurudireba, wanne ne bai sani ba? A ganinsa Turawa ne suka ɓata furucin kalmomin, ba shi ke da gyara ba. Sauran rabin kuwa ya dunƙule shi a kalmomi uku da ya ce sun ishi mai hankali zaman duniya: "yes", "okei", da "no furoblem".

Da waɗannan ukun ya je neman aikinsa na farko a wani wurin ajiyar kaya. Aka faɗa masa abin da za a biya shi a awa. A Turanci sha biyar da hamsin 'yan uwan juna ne, bambancinsu ɗan ƙaramin sauti ne a wutsiya, "fiftin" da "fifti". Kunnen Alhaji ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. A daren ya buga waya gida ya ce a sayi siminti a fara zuba harsashi, bene yake so. Ya ce "no furoblem" ga aikin dare, ya ce "okei" ga wani abu da daga baya ya tabbata aikin ranar Juma'a ne daidai lokacin huɗuba. Da albashin farko ya fito, bayan hukuma ta gutsiri harajinta, Alhaji ya sake buga waya ya ce a dakata da benen, ya yi istihara ya ga shimfiɗe ya fi albarka.

Wannan ba ta sa ya shiga aji ba, ta dai sa ya ƙara kalma ta huɗu. Wani ya gargaɗe shi cewa a gidajen abincin ƙasar nan naman alade kamar gishiri yake, sai mutum ya ce ba ya so. To, kowa ya san rikicin Bahaushe da haruffan p da f, gaba ce da muka gada. Sunan naman alade da sunan cokali mai yatsu kuma a kan waɗannan haruffa biyu kaɗai suka rabu. Alhaji ya tsaya gaban mai zuba abinci ya ɗaga murya ya ce "no fok", har sau biyu don a san ba wasa. Mutumin ya yi biyayya, ya cire cokalin daga leda, ya bar abin da ake gudu a kan shinkafa. Allah ya sa wani ɗan Kumasi na bayansa a layi.

Kada wani ya ɗauka kan Alhaji ne ba ya ja. Mutumin nan yana jin Fillanci, ya tsinci Yarbanci a fataucin Ikko, yana ciniki da Larabci a kasuwar Jidda har ya yi wa Balarabe wayo, kuma yana haɗa lissafin diloli ɗari a ka kafin yaronsa ya gama neman kalkuleta. Bayan shekara biyu a wurin ajiyar kayan nan ma sai muka ji bakinsa ya buɗe, yana ta "amigo" da "manyana" da "dinero". Muka yi ta murna, ashe Sifaniyanci ya kwaso, domin fiye da rabin mutanen Bronx 'yan asalin ƙasashen da ke magana da shi ne, abokan aikinsa kuma duk 'yan Jamhuriyar Dominika. Duk harsunan nan a tsaye ya koye su, ana dariya yana dariya, don babu wanda ya kira abin makaranta. Da an kawo benci da allo sai rigar ta motsa.

Ajin kuwa kyauta ne. Ɗakunan karatu na birnin suna koyar da manya Turanci ba ko sisi, haka wasu ƙungiyoyin unguwa. Mu da in aka ce ana rabon buhun shinkafa a Brooklyn za mu iso kafin masu rabon, wannan kyautar ce kaɗai muke yi wa kawaici. Uzuri kam akwai na gaskiya, ban raina shi ba: wanda ya yi awa 12 a kan keke yana kai wa mutane abinci cikin ƙanƙara, in ya zauna a aji barci zai koya. Amma uzurin Alhaji na yawo ne da kalanda. Da sanyi sai zafi ya shigo, da zafi sai an ga bayan azumi, bayan azumi sai an sauko daga Arfa, daga nan kuma sanyi ya dawo.

Sau ɗaya muka yi nasarar kai shi ajin da ke kusa da masallaci. Aka yi masa gwajin tantancewa aka sa shi a matakin farko, ya waiga ya hangi wani yaro da ya taɓa yi masa dako a gida yana shiga mataki na uku. Bai gama haɗiye wannan ba Malama ta shigo, yarinya sa'ar 'yarsa ta fari, ta duba takarda ta kira shi da sunan yanka tsirara, ba Alhaji ba Malam, sunan da matarsa ta shekara 20 ba ta taɓa furtawa ba. Ta ce ya miƙe ya gaya wa aji launin da ya fi so. Dattijo mai iyali a nahiya biyu! Rannan wani mutumin Maraɗi ya ƙara dagula lissafi, da malami namiji ya leƙo ya ɗaga hannu ya kira shi "mushe", yadda suke kiran malamin boko a can. Alhaji ya tattara rigarsa ya ce shi ba zai zauna inda ɗalibi ke kiran malaminsa mushe ana murmushi ba, tarbiyyar wurin ba ta yi masa ba. Kakanninmu da suka zauna gindin bishiya a zamanin Yaƙi da Jahilci, shekarun 1950, suna bin baƙi da wasali da furfurarsu, da sun ga jikansu da sun nemi bulala.

A 2016 birnin Niyok ya soke jarrabawar Turanci ga masu neman lasin tuƙa tasi. Ranar da labarin ya iso majalisa an dafa shayi zagaye uku, Alhaji ya ce ka ga abin da haƙuri ke jawowa, gwamnati da kanta ta sauko. Ya koma tuƙi. Yanzu yini yake yana bin umarnin matar nan ta cikin waya mai cewa a yi dama a yi hagu, ita ce mace ɗaya tak a duniya da ke ba shi umarni bai ce "wa ke auren wani" ba.

Ita kuwa matarsa Hajiya ba ta da rigar da za ta kare. Ta fara da kitso a titi na 125 a Harlem, inda in ba ki iya tare mai wucewa da baki ba za ki kwana da yunwa. Ta jefa kalma ta faɗi, ta ɗauka ta sake jefawa, a yi mata dariya ta taya su. Daga baya ta yi kwas na kula da tsofaffi a gida, aka haɗa ta da wata tsohuwa da ba ta da aiki sai kallon talabijin da gyara wa mutane magana. Da yamma ta saɓa tsohuwar jakar makarantar ɗanta ta tafi ajin nan da maigida ya ce ba tarbiyya. Yau ita ke buɗe wasiƙun gidan. Kafin haka tsarin Alhaji mai sauƙi ne: duk ambulan mai tagar leda a cusa shi ƙarƙashin katifa, domin a fiƙihunsa wasiƙar da ba a buɗe ba ba ta zama magana ba. Da Hajiya ta ɗaga katifar ta tarar da tarar ajiye mota guda shida sun hayayyafa.

Kafin Hajiya ta ƙware, yara ne tafintoci, kuma duk wanda ya mai da ɗansa tafinta ya naɗa ɓarawo alƙali. An kira Alhaji makarantar ɗansa, malamar ta yi minti biyar tana magana fuska a murtuke tana nuna takardu masu jan biro. Ya juya ya ce, "Kai, me ta ce?" Yaro ya ce, "Baba, ta ce ina ƙoƙari, a saya mini sabuwar waya don bincike." Alhaji ya ce wa malamar "okei, no furoblem", ya yi mata godiya. A asibiti kuwa doka ta wajabta a ba marar lafiya tafinta kyauta, har na Hausa ana samu ta waya. Alhaji ya ƙi, wai wa ya sani ko muryar wani ɗan majalisa ce, gobe a ji ciwonsa a bakin masu shayi. Ya gwammace ya tafi da 'yarsa mai shekara 10 ta bayyana wa likita matsalar basir.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, ranar kuwa ita ce ta neman zama ɗan ƙasa. Abin da ake nema a ɓangaren Turanci bai taka kara ya karya ba: ka amsa tambayoyin jami'i da baki, ka karanta jimla ɗaya daidai cikin uku, ka rubuta ɗaya daidai cikin uku. Sai tambayoyin tarihi da tsarin mulki, waɗanda a da 100 ne a tambaye ka 10, daga ƙarshen 2025 suka koma 128 a tambaye ka 20 ka ci 12. Hajiya ta haddace su tana tuƙa tuwo, ta je ta ci, ta dawo da 'yar tuta. Alhaji ya ce ai da addu'arsa.

Shi kuma ya gano wata ƙofa. Wanda ya kai shekara 55 kuma ya yi 15 da katin zama, ko ya kai 50 ya yi 20, an yafe masa Turancin, zai amsa tambayoyin da harshensa ta bakin tafinta. Alhaji ya ɗauko carbi ya hau lissafi. Katinsa ya shekara 12, saura uku ke nan, shi kuma a haihuwar uwarsa ya kai 54. Sai ya tuna takardar rantsuwar shekaru da ya yi a gida tun yana saurayi, inda ya zabge bakwai don wata bukata da shi kansa ya manta. A takarda shekarunsa 47, Amurka kuma ba ta san haihuwar uwa ba, takarda ta sani. Jiran shekara uku ya koma takwas. Ya nisa ya ce ba komai, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mutum ya zaɓi zaman shekara takwas a kan rubuta jimla ɗaya.

Na yi ta ba da wannan labari a majalisa ana shewa, alhali ni ma tun ranar "wata" abin na cina. A ƙarshe na yi rajistar wani ajin gyaran furuci na ranar Asabar, amma ba na unguwarmu ba, ina ni ina zama benci gaban yaran da nake cika wa fom. Can ƙarshen Queens na nema, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa da canji biyu, inda na tabbata ko aljanin Bronx ba ya zuwa. Na shiga, na nufi kujerar baya. Wa zan gani a lungu, cikin rigar sanyi da hular hana-sallah an ja ta har hanci? Muka kalli juna. Ya ce, "Malam, lafiya a nan?" Na ce, "Wallahi Alhaji, wani na rako. Kai fa?" Ya ce shi ma fasinja ya sauke ya shigo shan ɗumi. A gabansa ga littafi har shafi na 30, ga fensir ya sha figa. Kafin a tashi wasu 'yan majalisa biyu suka shigo a jere, su ma duk rakiya suka yi.

Yanzu mu huɗu ne, kowace Asabar muna biyan kuɗin jirgi zuwa da dawowa, kowa a taragonsa don kada a gan mu tare, ajin bayan masallaci kuma kujerun maza na nan ba kowa. Alhaji, ka ga ban faɗi sunanka ba. Ka zo da wuri wannan makon, Malama ta ce da kai za a fara, kuma har yanzu kan p da f ne.