Murjanin Tafkin Volta

Ɗan yayata ya dawo daga Jidda da tabarau mai rufe ido da hanci, da wani bututu da ake cizawa a baki a riƙa numfashi fuska na cikin ruwa. A Bahar Maliya, in ji shi, kifaye kala-kala ke shawagi tsakanin murjani kamar 'yan biki.

Ya rantse sai ya gwada a gida. Muka hau jirgin ruwa daga Akosombo zuwa Yeji, tafiyar fiye da kwana guda, yana rungume da kayansa kamar jinjiri. Tafkin Volta kuwa da nasa murjanin: dazuzzukan da ruwa ya haɗiye bayan gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965. Itatuwan na nan tsaye a ƙasa, suna huda cikin kwalekwale. Tsohon garin Kete Krachi ma, da zangonsa na fataken goro, yana can. Wani dattijo ya dubi bututun ya ce, "Yaro, in ka nutsa ka duba mini gidan kakana."

Bai samu shiga ba sai da muka ƙetara zuwa Makango, muka bi ta Salaga da Yendi har Saboba, a bakin kogin Oti. Damina ce, kogin ya yi launin koko. Ya kifa fuska minti biyar cur, masunta sun bar taru suna kallo, har da na gaɓar Togo.

"Me ka gani?"

"Kawu, ko hannuna ban gani ba."

Yanzu tabaran na wurin matata. Da shi take yanka albasa.